Mu kafa namu dandalin ko mu ci gaba da zaman haya?

Autan Inna
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A yi mini afuwa, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Kowa ya san abin da ya sami tsohon zaurenmu na WhatsApp bayan girbin shinkafa. Wanda ya buɗe shi aka kira ta waya, aka yaudare shi ya karanto lambobi shida da suka shigo masa, kafin la'asar an ƙwace WhatsApp ɗinsa, an sauke sauran admin biyun, an shiga aika wa mutane saƙon neman rance da sunansa. Shekara huɗu muna haɗuwa a wurin, farashin buhu a Gujungu duk Lahadi, sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, cigiyar akuya, lambar mai gyaran injin ban ruwa. Da muka buɗe wannan sabon, ko rabin mutanen ba su dawo ba.

Shi ne nake kawo shawara. Akwai wani irin dandalin sada zumunta da ba shi da ubangida ɗaya. Wanda ya fi shahara sunansa Mastodon, wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fito da shi a 2016. Manhajar kyauta ce, kowa yana iya ɗauka ya ɗora a kan saba tasa. Saba ita ce kwamfutar da ba ta barci, wadda ake ajiye rubutu da hotunan jama'a a cikinta. Kowace saba da masu kula da ita da dokokinta, amma suna magana da juna ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub, wadda aka amince da ita a 2018. Kamar dai mai layin MTN ya kira mai Airtel, kamfani daban, amma magana tana shiga. Idan muka kafa tamu, sunan garinmu zai liƙe a ƙarshen sunan kowa, kuma babu wani kamfani a Amurka da zai wayi gari ya rufe mu.

Me kuka gani?

Baban Noman Rani
Wa alaikumus salam. Auta, ni tambayata ɗaya ce: ana aika saƙon murya? In ba a aikawa, to ka cire ni da duk mutanen fadamarmu.

Autan Inna
Baba, ana iya ɗora murya, amma gaskiya ba kamar na WhatsApp ba da za ka danna ka yi magana ka saki. Sai ka naɗa daban ka ɗora. An fi gina shi don rubutu, harafi 500 a rubutu guda.

Baban Noman Rani
To ka ji.

Ɗan Legas
Ni na yi kusan shekara biyu ina amfani da shi, bari in faɗi abin da na gani, daɗinsa da ɗacinsa.

Na shiga ne a ƙarshen 2022, lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Mastodon. Kafin nan ma mu a nan mun ɗanɗana zaman haya. Watan Yunin 2021 gwamnati ta rufe Twitter bayan sun goge wani rubutu na Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A wancan lokacin aka yi ta kiran mutane su koma Koo na Indiya, har ofisoshin gwamnati suka buɗe shafi a can. Ina Koo yau? Ya rufe a 2024, kowa ya tattara ya watse. Saboda haka maganar Auta tana da tushe.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ranar da na fara buɗe nawa, shafin fayau yake kamar kasuwa ranar da ba ta ci. Babu wata na'ura da ke zaɓo maka abin da zai ɗauki hankalinka kamar a Facebook ko TikTok. Wanda ka bi kawai kake gani, a jere bisa lokacin da aka rubuta. Sai da na yi sati biyu ina neman mutane ɗaya bayan ɗaya kafin wurin ya fara motsi. Da yawa daga waɗanda muka shiga tare ba su yi wata guda ba suka koma inda suka fito. Kuma sabuwar saba ƙarama ta fi wannan shiru, domin ba ta san duniya ba sai ta hanyar mutanenta. In babu ɗan garinmu da ke bin wani a waje, da wuya rubutun wancan ya iso mu.

Kawu Dillali
Yaran nan kuna ta zuba Turanci da Hausa. A faɗa mini a taƙaice, wa zai riƙe mukulli?

Autan Inna
Kawu, mu da kanmu. Wanda muka zaɓa.

Kawu Dillali
To ai wancan ma mu da kanmu muka zaɓa, ɗana. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Mai Shagon Caji
Kawu ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ne ɗaya daga cikin admin biyun da aka sauke, kuma wallahi ranar da aka sauke ni na yi barci mai daɗi. Bari in ba ku labarin dare ɗaya, sai ku san me ake nufi da riƙe mukulli.

Daminar 2022, shekarar da ruwa ya ci gonaki a ƙasar Haɗeja. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare wayata ta hau kuka. Wani ya turo saƙon murya cikin zaure, muryar wani mutum yana haki yana cewa an saki ruwan dam, kafin asuba zai iso, kowa ya fita da iyalinsa. Babu sunan dam ɗin, babu sunan gari, babu rana. Cikin minti goma saƙo ya fi hamsin. Na leƙa waje, na tarar maƙwabcina ya riga ya ɗora buhunan gero uku a amalanke, matarsa da goyo a baya tana jan tunkiya, za su firamare saboda ta fi tudu. Na kira mutum biyu da ke kwana a bakin kogi, suka ce ruwa yana nan inda yake tun magariba, sandar da suka kafa bai wuce ta ba. Na koma na saurari muryar da kyau, sai na ji ana kiran sallah a bayanta. Ƙarfe ɗaya na dare wace sallah ake kira? Tsohon saƙo ne daga wani wuri, ya yi ta yawo har ya faɗo mana.

Na kulle zauren ya zama admin kaɗai ke magana, na yi saƙon murya da kaina na faɗi abin da mutanen bakin kogi suka ce. Zuwa ƙarfe uku gari ya lafa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne wanda ya turo saƙon ƙanen mahaifiyata ne, kuma karo na uku ke nan. Dokar da muka sa da bakinmu ta ce karo na uku a cire mutum. Na cire shi. Washegari bayan sallar asuba mahaifiyata ta aiko a kira ni. Sai da na je gidansa na durƙusa a zaure, na gaishe shi bai amsa ba, yana ta jan carbi yana kallon bango. Wata biyu ba ya kawo wayarsa caji shagona, yana wuce ni ya kai can bakin tasha.

To Auta, wannan manhajar taka, tana da abin da zai je gidan kawuna ya ba shi haƙuri?

Maman Yusra
Allah sarki. Ai mun tuna daren nan, har mun naɗe tabarmi.

Autan Inna
Yaya, ba ta da shi. Amma tana da abin da WhatsApp ba shi da shi, wato mataki-mataki. A WhatsApp ko ka bar mutum ko ka cire shi. A can, duk wanda ya ga abin da bai dace ba zai kai ƙara, ƙarar ta shiga wani layi da masu kula suke gani su duka, har su rubuta wa juna bayani a ƙarƙashinta. Za a iya yi wa mutum gargaɗi a ɓoye. Za a iya goge rubutu ɗaya a bar shi. Za a iya taƙaita shi, ya zama waɗanda suka zaɓi bin sa kaɗai ke ganinsa, ba ya fitowa a dandalin kowa da kowa. Za a iya daskarar da asusunsa na ɗan lokaci. Kora ita ce ta ƙarshe. Da a can ne, da kawu taƙaita shi za a yi, ba sai an kai ga tozarci ba. Kuma ana ajiye tarihin wane admin ya yi me, ba a ce kai kaɗai ka yi ba.

Mai Shagon Caji
Wannan na ƙarshen ya burge ni. Da mu uku muka sa hannu, da mu uku za mu je durƙuson.

Gagarau
Ni fa duk wannan magana tsoro take ba ni. Sau biyu ana cire ni daga tsohon zaure, laifina kawai na tambayi inda takin da aka ce an kawo wa mazaɓarmu ya shiga. Ba zagi, ba ƙarya. Aka ce na kawo siyasa. Amma da wani ya ɗora hoton ɗan takararsa sau goma babu wanda ya ce uffan, saboda abokin admin ne.

A Facebook aƙalla wanda zai hukunta ni bai san ni ba, bai san ubana ba, ba ma rikicin iyakar gona da shi. Yanzu kuna so ku ɗauki dukan iko ku damƙa wa mutumin da muke haɗuwa a masallaci. Kamfani na can nesa ya fi mini adalci a kan ɗan unguwa mai riƙo.

Malamin Firamare
Gagarau, ko da yake bakinka ba ya da linzami, yau ka faɗi abin dubawa, kuma ina roƙon kada a yi masa ca.

Na nisan nan da kake yabo, bai san ka ba, gaskiya ne, amma bai san Hausa ba ma yadda ya kamata. Sau nawa aka rufe wa mutum shafi a kan wasan taubasai ko barkwancin Fulani da Barebari, alhali wani ya yi habaici mai dafi wanda kowa a gari ya san da wa yake, ya wuce salin alin? Habaici ba ya da kalmar zagi a ciki. Sai ɗan gari ne zai gane cewa "wasu dai an san asalin kakansu" wuƙa ce aka zare. Ɗan gari yana ji, amma yana da dangi da abokan gaba. Na nesa ba shi da dangi, amma kurma ne. Kowanne da ramin da yake faɗawa.

Abin da na sani daga shekarun da na yi a kwamitin iyaye da malamai shi ne, rikici yana raguwa ne in an rubuta doka tun kafin a san wa za ta kama. In an ce ba a siyasa, a fayyace: tallan ɗan takara ne aka hana, ko tambayar inda kayan jama'a suka shiga? Ni a ganina na farkon ne ya kamata a hana, na biyun kuwa shi ne ma amfanin zauren. Sannan wanda aka hukunta ya san wurin wa zai ɗaukaka ƙara, kuma kada ya zama wanda ya yanke hukuncin farko.

Ɗan Legas
Malam, akwai ɗaukaka ƙara a cikin manhajar, wanda aka hukunta yana iya rubuta uzurinsa. Sai dai in admin ɗaya ne, to wurinsa za ta koma.

Gagarau, ga abin da zai ɗan kwantar maka da hankali. A can in ka ga mai unguwarku ba ya adalci, kana iya tashi. Ka buɗe asusu a wata saba, ka danna ƙaura, mabiyanka su bi ka can. Kamar yadda tun 2013 ake iya sauya kamfanin waya a Najeriya ba tare da an rasa lamba ba, kusan haka. Amma da sharaɗi biyu. Tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bin ka, suna nan a tsohon gida. Kuma sai ka tashi tun kafin a kore ka, domin in an riga an rufe asusun, ƙofar ƙaurar ma ta rufe.

Gagarau
Wato in ga hadari in kwashe shanyata. To ai ni kullum cikin hadari nake.

Kawu Dillali
Bari in sa baki a maganar yadda za a tara mutane, don na ga kuna ta lissafin yawa.

Shekara talatin ina zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis. Shanu suna shigowa daga Nijar, masu saye suna zuwa daga Kudu, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna cinikin miliyoyi. Me ya riƙe kasuwar? Baƙo ba ya shigowa kara haka kawai ya kama saniya. Yana da mai masauki, yana da dillalin da ya tsaya masa. In saniyar ta fito ta sata, ba baƙon za a nema ba, ni za a nema, ni na san inda zan samo shi. Saboda haka ba na tsaya wa wanda ban sani ba, ko nawa ne la'adar.

Tsohon zaurenmu ya fara lalacewa tun ranar da aka saki hanyar shiga a fili, kowa ya tura wa kowa. Muna mu tamanin muna jin daɗi, kowa ya san muryar kowa. Da muka haura ɗari biyar sai ga masu tallan maganin basir, masu cewa turo dubu biyar ka karɓi hamsin, da wasu lambobi da ba wanda ya san masu su. Ɓarawon da ya kira yaron nan, a ina kuke zaton ya samu lambarsa da sunan garinmu har ya yi masa magana kamar ɗan gida?

In za ku yi, ku yi irin na kara. Kowa ya shigo, a san wa ya kawo shi.

Autan Inna
Kawu, wallahi kamar ka karanta littafin manhajar. Hanya uku ce ake buɗe rajista: a bar ƙofa a buɗe, ko mai son shiga ya rubuta dalilinsa admin ya duba, ko sai da gayyata. In da gayyata ne, masu kula suna ganin wane ne ya gayyato wane.

Ɗan Legas
Kuma an ga illar barin ƙofa a buɗe. A Fabrairun 2024 masu watsa tarkacen saƙonni suka bi ƙananan sabobi da masu su suka bari a buɗe suka tafi harkarsu, suka buɗe asusu barkatai a ciki suna yi wa kowa ruwan shara. Bayan nan ne aka gyara manhajar, in masu kula suka yi sati ba su leƙo ba, rajista tana komawa sai da izini da kanta.

Wannan ya kawo ni ga abin da Auta bai faɗa ba, wanda a wurina shi ne ƙashin bayan lamarin. Ba mutum ɗaya kaɗai ake hukuntawa ba, gari guda ake yi wa. In wata saba ta zama matattarar masu zagi kuma masu kula da ita suka ƙi tsawatarwa, sauran sabobi suna yanke hulɗa da ita gaba ɗaya. An yi haka a 2019 da wani dandali na Amurka mai suna Gab, wanda ya yi suna wajen kalaman ƙiyayya, ya koma amfani da manhajar Mastodon. Sabobi da yawa suka rufe masa ƙofa tun kafin ya zauna. Da Meta, mai Facebook, ta fito da sabon dandalinta Threads a 2023 ta ce za ta haɗa shi da wannan tarayyar sabobi, nan ma aka rabu biyu, wasu suka ce a bar su su shigo, wasu suka yi alkawarin toshe su tun daga nesa.

Abin nufi, mu ma za a iya yi mana. In yaranmu biyu suka je suna zagin mutane a waje, ƙara za ta zo wa admin ɗinmu daga wata ƙasa, wataƙila da Turanci ko Jamusanci. In bai amsa ba, a toshe garin duka, har da Malam da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma yanke hulɗar tana tsinke zumuncin da ke tsakani, wanda kake bi a can da wanda ke bin ka duk su zube. Sannan mu sani, yawancin sabobin nan na Turai da Amurka ne, abin da suke ɗauka laifi da abin da muke ɗauka laifi ba koyaushe suke haɗuwa ba. Za a yi saɓani, ba ko shakka. Mu ma akwai sabobin da tun ranar farko za mu toshe saboda hotunan da ke cikinsu, kuma wani ne a cikinmu zai zauna ya duba ya tantance.

Malamin Firamare
Wannan ai tsohon abu ne a wurinmu. Garin da ya ɓoye ɓarawo, maƙwabta su daina cin kasuwarsa. Sai dai a da, kafin a kai nan, dagaci yana aika wa dagaci. A can akwai wannan aiken, ko toshewa kawai ake yi?

Ɗan Legas
Akwai, Malam, in an ga dama. Ana iya tura ƙarar ga masu kula da waccan sabar, kuma kowace saba tana da adireshin da ake tuntuɓa. Masu hankali suna fara aikawa. Wasu kuwa suna kwafo jerin sunayen da wani ya toshe su liƙa, ba su bincika ba. Babu hakimi a sama da za ka kai wa kuka, wannan shi ne daɗin abin kuma shi ne ciwonsa.

Bluesky, wani dandalin mai kama da Twitter, sun bi wata hanya daban. Su a can kana iya zaɓar masu tace maka, wasu ƙungiyoyi ko mutane da ke liƙa wa rubutu alama, kai kuma ka ce a ɓoye maka mai alama kaza. Amma har yanzu yawancin jama'arsu a hannun kamfanin suke, saboda haka ban kawo shi cikin lissafinmu ba.

Maman Yusra
Ku yi haƙuri in katse ku, maza kun yi ta magana a kan gari da gari. Ni tawa ta cikin gida ce.

Mu mata muna da namu zauren na adashi da sana'a, mu arba'in da 'yan kai. Ina ɗora hoton man gyaɗa da ƙuli, wata ta ɗora zannuwan gado, wata ta yi tambayar da ba za ta yi a gaban namiji ba, ta ciki ko ta goyo. Da ƙyar wasu mazan suka bar matansu suka shiga, da sharaɗin mata zalla ne. Yanzu wannan da kuke faɗa, in na rubuta abu, wa ke gani? In na yi wa ƙawata saƙo mu biyu, shi mai riƙe da sabar yana iya karantawa?

Autan Inna
Anti, ba zan ɓoye miki ba. Saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake ba kamar na WhatsApp. Mai riƙe da saba in ya so, kuma ya iya, zai iya buɗe rumbun ya gani. Manhajar da kanta tana gargaɗin kada a aika abin sirri ta nan. Rubutun fili kuwa yana tafiya wasu sabobin, kowace ta ajiye kwafinta. In kin goge, ana aika musu su goge, amma ba ki da tabbacin duka za su bi. Akwai wani reshe na manhajar mai suna Hometown da ke ba da damar rubutun da ba ya fita daga gida, 'yan sabar kaɗai ke gani. Amma shi ma admin yana nan.

Maman Yusra
To Auta, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya. Ni uwar adashi ce shekara tara, na san abin da ake nufi da a ba ka amana. Kuɗi ma sai da aka gwada ni da kaɗan kafin a ba ni da yawa. Sirrin matan aure arba'in kuwa ba zan ɗauka in kai wa yaron da ke zaman shayi da mazajensu ba, ko da ɗan albarka ne. Mu muna nan inda muke. In kun kafa, zan zo in ɗora man gyaɗa.

Mai Shagon Caji
Maganar kuɗi fa? Ba wanda ya taɓo ta.

Ɗan Legas
Manhaja kyauta, masauki ba kyauta ba. Ba za mu ajiye kwamfutar a shagonka ba, da wannan wutar da wannan sabis ɗin. Haya za a kama a wurin masu ba da masaukin intanet, ana biya duk wata, galibi da dala ko yuro. Sunan adireshin ma ana sabunta shi duk shekara, in aka manta ya faɗi, sunan kowa ya faɗi tare da shi. Hotuna da bidiyo su ke cinye wuri, har da na mutanen waje da namu suke bi, domin sabar tana ajiye kwafi. Yawancin ƙananan sabobi da karo-karo suke rayuwa, kuma da yawa sun mutu ba don kuɗi ba, don mai kula ya gaji da ƙorafi ya ajiye.

Shi ya sa masu Mastodon suka sa sharuɗɗa ga duk sabar da ke so su tallata ta a shafinsu. A ciki akwai ajiye kwafin komai kullum, da samun aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga in ta-kwana ta taso, da ba jama'a sanarwar wata uku kafin a rufe. Ko ba mu nemi su tallata mu ba, waɗannan ukun mu ɗauke su.

Kawu Dillali
Mutum na biyu mai mukulli. Ai da mun yi wannan tun farko da ba mu zo nan ba.

Malamin Firamare
Kada a manta da hukuma kuma. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an yi mata gyara a 2024, kuma mun ga ana kama mutane a kan abin da suka rubuta. Yau in wani ya yi wa wani ƙazafi a Facebook, marubucin ake nema. Ranar da sabar ta zama tamu, da sunan garinmu a jiki, ƙofar wanda aka sani da riƙe ta za a fara ƙwanƙwasawa. Duk wanda zai karɓa ya karɓa da saninsa.

Ga shawarata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu kama haya yanzu. Mutum goma sha biyar masu iya karatun boko su buɗe asusu a wata saba da ke nan tuntuni, su bi juna, su riƙa sa kalma ɗaya mai alamar # a rubutunsu don a samu juna. A yi haka daga yanzu zuwa girbin alkama. In an kai lokacin ana magana a wurin ba tare da Auta yana bin mutane gida-gida yana roƙo ba, sai a zauna maganar karo-karo. Wannan zauren kuma ya ci gaba saboda masu saƙon murya, amma yau ɗin nan a gyara shi: a kashe hanyar shiga ta fili, kowane admin ya sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp ɗinsa, a rubuta dokoki a manna a sama. Zan rubuto daftari, kowa ya yi gyara.

Gagarau
Malam, a cikin daftarin a rubuta ƙarara cewa tambayar taki ba siyasa ba ce. Kuma ina so a sa ni cikin masu sauraron ɗaukaka ƙara.

Mai Shagon Caji
Na goyi baya, wallahi da gaske nake. A ba shi. Wata ɗaya kawai ya ji yadda ake tashin mutum ƙarfe biyu na dare a kan wani ya kira wani ɓarawon kaza.

Gagarau
Na karɓa.

Autan Inna
Na yarda da shawarar Malam, ko da yake raina ya so a ce yau muka fara. Masu son shiga gwajin su same ni a shagon Yaya ranar Juma'a bayan an sauko, in buɗe musu. A zo da waya da caji, da adireshin imel wanda aka san kalmar sirrinsa, don ba a rajista da lambar waya.

Baban Noman Rani
Imel ɗin nan shi ne wanda yaron shago ya buɗe mini ranar da na sayi wayar? To shi ya san kalmar, ni ban taɓa tambaya ba, kuma ya koma Kano tun bara.

Auta, in kun gama, wani ya faɗa mini nawa aka sayar da buhun shanshera a Gujungu jiya. Tun safe nake jira, kun cika wurin da Jamus.